Sanarwa ga ƴan ƙwallon safe kan targaɗe

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tunda filin ya bushe, targaɗen idon sawu ya yi yawa a cikinmu. Don Allah duk wanda ya gurɗe, kar a gasa masa da ruwan zafi ko a murza wurin a kwana 2 na farko, kumburin ƙaruwa zai yi. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15, a ɗaga ƙafar kan matashi. Wanda ya kasa taku 4, a kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a yi hoto tukuna, kafin maganar mai ɗori. Kuma kar kowa ya dawo fili don kawai ya ji zafi ya lafa. Sai likitan gashin ƙashi ya ga kana tsayuwa da ƙafar kaɗai ba tangaɗi.