Mutum ya faɗi muna tsaye muna kallo

Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni fili in yi magana kan abin da ke ci min rai. Mutum zai yanke jiki ya faɗi, zuciya ta tsaya, sai ka ga an kewaye shi ana salati, wani na yayyafa ruwa wani ya ɗaga waya yana bidiyo, amma ba mai durƙusawa ya danna masa ƙirji. Ba mugunta ba ce wallahi, ba mu sani ba ne, sannan ga tsoro kar ya mutu a hannunka a ce kai ne, ko kuma idan mace ce a ji nauyin taɓa ta.

Alhali ƙwaƙwalwa minti 4 zuwa 6 kawai take jurewa ba iska kafin ta fara lalacewa, ambulan ba za ta iso a wannan lokacin ba. Idan bai amsa kira ba kuma ba ya numfashi daidai, ka sa wani ya kira agaji, ka ɗora tafin hannu ɗaya kan ɗaya a tsakiyar ƙirji ka danna da ƙarfi, zurfin santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, kar ka tsaya. Haƙarƙari na iya karyewa, wannan ana jinyarsa.

Masu kallon ƙwallo sun ga Christian Eriksen, ɗan wasan Denmark, ya faɗi a fili a 2021, danna ƙirji da na'urar girgiza zuciya suka dawo da shi har ya koma buga wasa.

Ina roƙon a riƙa koyar da wannan a makarantun sakandare, ku ma ku buga hotunan yadda ake yi.

Mai karatunku kullum.