Dokar digiri na uku ta san wa'adin ɗalibi, me ya sa ba ta san na malami ba?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in amayar da abin da ya daɗe yana cin raina game da ƙa'idojin miƙa kundin digiri na uku da kare shi, wato amsa tambayoyi a kansa a gaban masu jarrabawa, a jami'o'inmu na Najeriya, don na san ba ni kaɗai ba ne abin ya shafa, akwai mutane da yawa da suka yi shiru kawai saboda tsoron kar a gane su a ƙara musu wasu shekarun a kan waɗanda suka riga suka yi.

Ni malami ne a wata kwalejin ilimi a nan Arewa, na yi rajistar digirin dakta a 2017 a fannin tattalin arzikin noma, bincikena a kan manoman albasa ne na fadama da irin asarar da suke yi wajen ajiya a rumbu kafin kaya su yi kuɗi. Ba zan faɗi sunan jami'ar ba kuma ba zan kama sunan kowa ba, ba mutum nake nufi ba, tsarin nake magana a kai. Ranar da muka yi rajista an ba mu wani ɗan littafi na makarantar gaba da digiri, a ciki an rubuta komai dalla-dalla: ɗalibin da ke karatu na cikakken lokaci ba zai gama ƙasa da shekara uku ba, kuma akwai iyakar da in ya wuce sai ya nemi ƙarin lokaci a rubuce, an faɗi girman harafin da za a buga kundi da shi, tazarar layi, faɗin gefen takarda, kalar bangon da za a ɗinke shi da ita, kwafi nawa za ka kawo, har da yawan kalmomin tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ake sawa a farkon kundi. Na karanta littafin nan ya fi sau goma wallahi, ban ga layi ɗaya ba da ya ce malamin da ke duba aikinka zai dawo maka da babi cikin sati kaza, ko mai jarrabawa daga waje zai turo rahotonsa cikin wata kaza. Duk wani wa'adi da ke ciki a wuyan ɗalibi aka rataya shi.

Shekarar farko darussa muka yi, lafiya lau. Na kare shimfiɗar bincike, wato tsarin yadda zan gudanar da aikin, a 2019 bayan an ɗaga ranar har sau uku. Sai 2020 ta zo da korona da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, wanda ya faro a watan Maris bai ƙare ba sai Disamba, wannan ba laifin kowa ba ne a sashenmu, na yarda. A 2021 na shiga ƙauyuka na tattara bayanai, ni da yara biyu da na ɗauka suna taya ni cike takardun tambayoyi, muna kwana a zauren mai gari, da asuba mu bi manoma zuwa rumbuna muna kallo ana zazzage albasa ana ware ruɓaɓɓu, warin nan har yau in na tuna sai in ji shi a hancina. Wani dattijo da ya ga ina ta auna buhu ina rubutu ya ce min, ɗan nan, in ka kai wa gwamnati takardar nan ka gaya musu ba taki kaɗai muke so ba, wurin ajiya muke so. Na ce masa in sha Allahu Baba, nan da shekara ɗaya. Sai kuma wani yajin aikin daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022, wata takwas cur, ni dai na zauna na rubuta babi na huɗu da na biyar a gida da fitilar caji.

To daga nan ne fa abin ya fara. Farkon 2023 na kai wa babban sufabaizana, wato malamin da ke duba aikina, cikakken kundi, na buga na ɗinke da sifiral, shafi ɗari biyu da wani abu. Ya karɓa da fara'a ya ce in dawo bayan sati uku. Na dawo, yana taron majalisar jami'a. Na sake dawowa, ya tafi tantance kwasa-kwasai a wata jami'a. Daga garin da nake aiki zuwa can tafiyar kusan awa huɗu ce, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kowace tafiya sai na ci bashi ko in rage cefanen gida. A zuwa na biyar ne na samu shiga ofishinsa, na hangi kundina a kan tagar bayan kujerarsa, yana ƙarƙashin wasu guda shida ko bakwai irinsa, ƙura ta rufe bangon roban har rana ta sa shuɗin ya koɗe. Na gane nawa ne saboda tabon shayi da ƙaramar ɗiyata ta zuba a gefen ranar da zan kawo shi. Ban ce komai ba, na gaishe shi na ce Farfesa na zo ne in ji ko akwai gyara, ya ce Malam ka yi haƙuri, ka ga yadda teburin yake. Wata bakwai ya yi kafin ya fito, kuma da ya fito gyaran mai kyau ne ƙwarai, na ƙaru da shi, amma aikin da bai fi na kwana goma ba ne in mutum ya samu zama.

Kuma Allah ya sani ba na zarginsa da mugunta. Mutum ne mai kirki, amma shi kaɗai yana riƙe da ɗaliban dakta da na mastas da ba zan iya ƙirgawa ba, ga aji na 'yan digirin farko mai ɗaruruwan yara, ga kwamiti-kwamiti, abokan aikinsa da yawa sun bar ƙasar ko sun koma jami'o'i masu zaman kansu, albashin kuma kowa ya san bai kai ya kawo ba. Jami'a ce ke ɗibar ɗalibai fiye da ƙarfin malamanta saboda kuɗin rajistar 'yan gaba da digiri na cikin hanyoyin da take samun kuɗin shiga, sai a bar malami da ɗalibi suna kallon juna cikin jin nauyi. Ni kuma duk zangon karatu da ya zagayo sai na sake biyan kuɗin makaranta, ko da a zangon ban yi komai ba sai jiran sa hannu.

Bayan haka sai ƙa'idar wallafa muƙala biyu a mujallun ilimi kafin a yarda ka je kariya ta ƙarshe. Manufar mai kyau ce, ban ƙi ba, amma mujalla ta ƙwarai takan ɗauki watanni da yawa wani lokaci har shekara kafin ta amsa maka, ɗalibin da wa'adi ke binsa a guje kuma me zai yi? Sai ya ruga wajen mujallun nan na intanet da ke karɓar kuɗi su buga maka ko me ka turo cikin sati biyu, ba wanda ya karanta balle ya gyara. Na ga abokan karatuna sun yi hakan, ba don ba su iya ba, don lokaci ya ƙure musu. Haka ma binciken satar fasaha da Turnitin, manhajar kwamfuta da ke nuna inda rubutunka ya yi kama da na wasu, a wurinmu an ce kar kamanceceniya ta wuce kashi 20 cikin 100, wannan ma daidai ne, amma lambar kawai ake kallo, ba mai buɗe rahoton ya ga cewa abin da na'urar ta kama sunayen ƙananan hukumomi ne da kuma muƙalata ni kaina da aka tilasta min in wallafa daga cikin kundin. Sai ka ga mutane suna biyan masu shagon kwamfuta su juya musu jimloli har ma'ana ta lalace don dai lamba ta sauko.

Na yi kariyar cikin gida a gaban malaman jami'armu, na gyara, na buga kwafi biyar na kai sashe. Daga nan sai sunan mai jarrabawa na waje ya bi ta kwamitin sashe, ya je tsangaya, ya je makarantar gaba da digiri, sannan majalisar jami'a ta amince, in takardarka ta kuskure zama ɗaya sai ka jira na gaba. Da aka aika masa kundin sai shiru wata biyar. Daga baya wani ma'aikaci ya ja ni gefe ya ce mai jarrabawar yana bin jami'a kuɗin zuwansa na baya har sau biyu ba a biya shi ba, in ina so abin ya yi sauri mu haɗu mu uku da za a jarraba mu ɗauki nauyin motarsa da masauki. Ranka ya daɗe, wannan shi ne abin da ya fi ɓata min rai a duk tafiyar nan. Na riga na biya kuɗin jarrabawa a asusun jami'a, rasit na hannuna, to ina kuɗin ya tafi? Kuma ta yaya mutumin da zai yanke hukunci a kan aikina zai kwana a ɗakin da ni na biya? Ko shi ba a kyauta masa ba, an zubar masa da girma. Mun haɗa mun biya, don ba mu da wata hanya, har da lemo da ruwa da abincin da za a ci ranar.

Ranar kariyar kuwa na ji daɗinta, gaskiya a faɗe ta. Mai jarrabawar na waje, dattijo ne, ya karanta aikin tun daga bango har bango, kwafinsa duk jan biro ne, awa biyu da rabi yana min tambayoyi. Sai ya zo kan jadawalin farashi a babi na huɗu, ya cire tabarau ya ce Malam, waɗannan alƙaluman na 2021 ne, tun daga lokacin an cire tallafin mai, an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin buhu da na dako da na mota duk sun canza, wa zai yi aiki da shawarwarinka yanzu? Gaskiya ya faɗa, na rasa abin cewa, sufabaizana ma ya sunkuyar da kai. Lokacin da na rubuta aikin sabo ne fil, a kan tebura ya tsufa. A nan na tuna dattijon nan na rumbun albasa da alkawarin shekara ɗaya da na yi masa.

Aka ce na ci, da ƙananan gyare-gyare, a kawo cikin wata uku in ba haka ba sai sabuwar rajista. Na gama cikin sati shida na kai wa mai jarrabawa na cikin gida wanda shi ne zai sa hannu cewa an yi gyaran. Wata huɗu takardar na wurinsa. Da na je makarantar gaba da digiri da kundin da aka ɗinke da bango mai tauri, sai aka ce na wuce wa'adi, in je in biya kuɗin wani zangon. Na ce ai ni na kawo a kan lokaci, aka ce ina shaida? Ba ni da ita, domin ba wanda ke ba ka takarda ko ya buga maka hatimi ranar da ka miƙa aiki, hannu da hannu ake bayarwa, in ka ce malami ya sa maka hannu ya karɓa sai a ga kamar rashin ladabi ne ka yi.

Saboda haka roƙona ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, da shugabannin makarantun gaba da digiri ba wai a sassauta jarrabawa ba ne, a'a, a ƙara mata tsauri ma in an ga dama, digirin dakta ba abin wasa ba ne. Abin da nake so shi ne duk ranar da ɗalibi ya miƙa babi ko kundi ko gyara, ya miƙa ta ofishin sashe a rubuta kwanan wata a ba shi shaida, kuma daga ranar lissafin wa'adinsa ya tsaya har sai aikin ya dawo hannunsa, kar a caje shi kuɗin zangon da ya ƙare yana jira. A rubuta wa sufabaiza nasa wa'adin a cikin wannan littafin dai da aka rubuta namu, ko sati shida ne, in ya wuce shugaban sashe ya tambaya da kansa ba sai ɗalibi ya kai ƙara ba, don duk wanda ya yi karatun nan ya san kai ƙarar malaminka daidai yake da ka haƙa wa kanka rami. A jami'o'i da yawa na Ingila a rubuce yake cewa ana sa ran yin kariyar baki cikin kamar wata uku daga ranar miƙa kundi, ba wani abin sihiri ba ne, rubutawa aka yi kuma ake bi. Kuɗin mai jarrabawa kuma ya fito daga ofishin kuɗi na jami'a kafin ya taso, a haramta wa ɗalibi taɓa shi kwata-kwata, in hanya ba tsaro ko kuɗin tafiya ya yi yawa a yi ta Zoom mana, tun lokacin korona aka ga yana yiwuwa. Ita ma TETFund, hukumar gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, da ke ɗaukar nauyin karatun malamai da yawa ya kamata ta riƙa tambayar jami'o'i me ya sa wanda aka biya wa karatun shekaru kaɗan yake shekara bakwai ko takwas bai dawo bakin aikinsa da takarda ba.

Mu tara muka fara a ajinmu, mu uku muka kai ga kariya. Akwai wata baiwar Allah a cikinmu da ta fi mu duka ƙoƙari, sufabaizanta ya tafi hutun bincike na shekara ba a ba ta wani ba, ta haihu a tsakani, maigidanta ya gaji da kuɗin rajista da zirga-zirga, ta tattara ta bari tana babi na huɗu. Ni kuma na biya kuɗin zangon da aka ce, na miƙa kwafi shida da faifai, an ce sunana zai shiga zaman majalisa na gaba, watan jiya na je na duba allo bai fito ba, an ce in sake leƙowa ƙarshen wannan watan.

Na gode da fili.

Naka,
Wani ɗalibin digiri na uku, daga Arewacin Najeriya