Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Lafiyar Ƙwaƙwalwar Yara da Iyayensu a Sakkwato

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, kwamitin gudanarwa na gabatar wa iyayenmu da 'yan'uwanmu mambobi bayanin abin da ƙungiya ta aiwatar a shekarar da ta ƙare.

Mafi yawan ƙarfinmu ya tafi ne wajen raka iyalai zuwa ga likita. A jihar nan, ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa suna Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware da kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma can muke tura duk yaron da lamarinsa ya wuce nasiha. Abin da muka lura da shi shi ne, zuwan farko ba ya gagarar iyaye, domin idan ciwo ya tsananta dangi sukan yi karo-karo. Komawa ta biyu da ta uku ce ke gagara. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, uwar da ta taso daga Wurno ko Goronyo sai ta biya kuɗin motar mutum biyu, ta bar sana'arta wuni guda, sannan ta nemi kuɗin maganin wata. Da yaro ya ɗan samu sauƙi sai katin asibiti ya koma ƙasan akwati, ba a sake tuna shi sai ciwon ya dawo, sau da yawa fiye da yadda yake a da. Saboda haka kwamiti ya karkatar da kaso mafi tsoka na asusun taimako zuwa kuɗin motar komawa asibiti, ya kuma ɗora wa wasu mambobi nauyin kiran iyaye a waya idan ranar ganin likita ta gabato. A ganinmu, wannan ne aiki mafi amfani da muka yi bana, duk da cewa ba shi da armashin taro.

Mun kuma ci gaba da zama da iyalan da rashin tsaro ya kora daga Sabon Birni da Isa da Rabah, waɗanda ke raɓe a gidajen 'yan'uwa a gefen birni. A cikin 'ya'yansu akwai mai firgita cikin barci, da wanda fitsarin kwance ya dawo masa bayan ya daina, da wanda ƙarar babur kaɗai ke sa shi ɓuya bayan uwarsa. Iyayen kan ɗauka rashin ji ne, har su kai ga duka, alhali su kansu ba sa samun barci. Zaman mata da muke yi bayan la'asar, ba tare da yara ba, shi ya buɗe bakin da yawa daga cikinsu, har wasu suka yarda a kai su ganin likita kan damuwar da ta biyo bayan haihuwa.

Game da malamanmu masu ruƙiyya, kwamiti bai ɗauke su abokan hamayya ba, tunda wurinsu iyaye ke fara zuwa. Roƙon da muka yi musu shi ne a haɗa addu'a da asibiti, kada a hana yaro maganinsa, kuma kada a ɗaure shi. Wasu sun karɓa hannu biyu, wasu kuma sai a hankali.

A ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, mun yi wa malaman firamare da na Islamiyya bita kan alamomin farko, bisa bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa kan fara ne zuwa shekara 14. Mun kuma bayyana musu dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙin samun magani ba tare da wulaƙanci ko wariya ba.

Asusu dai bai wadata ba, kuma akwai mambobin da ake bin su kuɗin wata-wata. Ma'aji zai karanta cikakken lissafi a babban taro, inda za a yanke shawara kan ƙara kuɗin wata da kuma neman gudummawar Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha domin maganin marayu.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa