Na zubar da ruwan binciken maigidana, yau kwana shida ba ya min magana

Assalamu alaikum Hajiya, ya aiki ya iyali. Daga unguwar Birni nake rubuto miki nan Damagaram, don Allah kar ki kama sunana a rediyo, surukata shirinki ba ya wuce ta.

Yau kwana shida Baban Nana bai ci tuwona ba, gaisuwa ma da kai yake amsawa, wai don na zubar da ruwa. Ruwa fa Hajiya, ruwan rijiya, a garin da muke kwana layin pampo da jarkoki ni za a ɗaure wa fuska a kan ruwan da duka bai cika buta ba.

Bari in koma baya. Shi malamin jami'a ne, a Faransa ya yi karatun dokta, shekara huɗu ina zaune gidan iyayensa da goyo ban taɓa cewa uffan ba. Aikinsa binciken yanayin zamanin da ne. Wai a cikin ruwa akwai oksijin mai nauyi da suke ce wa 18 da mara nauyi 16, in rana ta bugi ruwa mara nauyin ke riga tashi mai nauyin ya zauna, to da awon wannan suke gane ko ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ya sauka ne lokacin damuna mai albarka ko lokacin fari. Na haddace don ita ce hirarmu ta dare, wasu matan ana musu hirar atamfa ni ana gaya min shekara 7000 da suka wuce Tafkin Chadi kamar teku yake, Tenere duk ciyawa da tafkuna har da kada da dorina, wai shi ya sa aka sassaƙa raƙuman dawa a dutsen Dabus can wajen Agadas. To Allah ya ji ƙan dorina, ni dai cefane nake tambaya.

Kwalaben ƙanana ne kamar na maganin tarin yara, ya cika su fal ba ko kumfar iska, ya naɗe murfin da salatif baƙi ya rubuta lamba. Daga rijiyoyin Tanut da Gure har Maine ya ɗebo su, sai da ya sayar da babur ɗinsa ya yi hayar mota, alhali shekara biyu ina roƙon keken ɗinki. Na'urar awon babu ita a nan sai an aika waje, shi ne ya jera su a firjin da babana ya saya min cikin kayan ɗaki yana jiran mai tafiya. Wata uku Hajiya. Ni kuma da firjin nan nake ƙanƙara da zoɓo, da shi nake sayen omo da takalman yara, ga zafi ya shigo ciniki ya buɗe. Sai na kwashe na sa a kwali, yara suka ɓalle wasu suna wasa, na ga ai sun riga sun lalace, na tsiyaye sauran a gindin dogon yaro na ba ƙanwata kwalaben tana zuba humra.

Eh ya taɓa cewa kar a taɓa su, amma bai ce abin zai kai haka ba, kuma mutumin da ke kwana yana tsintar ƙwanson wasu ƙwari masu kamar ƙwayar gero daga laɓon tafkin Gidimuni da ɗan burushi, komai nasa ai kar a taɓa ne. Har wata roba ya ɗora a kan soro mai mazurari, ya zuba mai a ciki wai don kar ruwan saman da ya taru ya tashi, maƙwabta suna ta cewa tsibbu yake, ni nake tare masa bakin mutane, wannan bai gani ba.

Da ya buɗe firjin bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Zama ya yi a ƙasa ya dafe kai ya ce aikin shekara biyu ne. Sai jiya na ji yana waya da wata baturiya abokiyar aikinsa, wadda dama ba ta san dare ba wajen aiko saƙo a WhatsApp, ina jin faransanci daidai gwargwado, wai akwai gurbin shekara biyu a ɗakin bincikensu kuma yanzu ba abin da ya riƙe shi a nan. Ba abin da ya riƙe shi! Ni da yara uku fa?

Yayata ta ce in yi yaji ya biyo ni da biko, ni kuma tsoro nake in tafi ya samu hanya. In na kai maganar gun Inna kuma ɗanta za ta goya wa baya, dama tana cewa ban san darajar ilimi ba. In ya tafi in ce sai da ni ko in zauna kamar wancan karon? Sannan akwai guda goma sha ɗaya da ban zubar ba, salatif ɗinsu na nan yadda ya naɗe, suna ƙarƙashin gado cikin kwanon samira, haushi ya hana ni faɗa ranar. In fito da su yanzu Hajiya, ko zai ce da gangan na ɓoye?