Baba Ya San Mu Sarai, Magana Ce Ta Ƙi Fita

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana kan shanyewar ɓarin jiki, ciwon da har gobe a unguwanninmu ake cewa iska ce ta bugi mutum.

Bara da azumi muna sahur, cokali ya suɓuce daga hannun Baba na dama, bakinsa ya karkace. Duk abin da aka tambaye shi, "to, to" kawai yake cewa. Gwaggo ta ce mutanen ɓoye ne. Aka yi hayaƙi, aka shafa man habbatus sauda, aka aika karɓo rubutu. Ni da nake koyar da kimiyya a sakandare, ni na riƙe kaskon garwashin. Sai bayan la'asar muka kai shi asibiti.

Likitan bai yi mana faɗa ba. Ya juya katin Baba ya zana ƙwaƙwalwa a bayansa. Ya ce nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma ita ke cinye kusan kashi 20 cikin ɗari na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, shi ya sa in jini ya yanke mata na 'yan mintoci, wurin sai ya fara mutuwa. Ɓari biyu gare ta, kuma jijiyoyin suna gittawa ne ta wajen ƙeya: ɓarin hagu ke juya hannu da ƙafar dama. A yawancin mutane, cibiyar furta magana ma a hagun take. Jini ne ya daskare ya toshe jijiya a nan, sai hannun dama da magana suka tafi tare.

Daga baya na tuna abin da na taɓa karantawa. A 1861, wani likita a Faris, Paul Broca, ya duba wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai "tan". Da mutumin ya rasu, aka tarar da lahani a gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwarsa. Shi "tan", Babana "to". Kuma Baba yana jin duk abin da ake faɗa. Ranar da wani ɗan dubiya ya ce a gabansa, "Ai ya gushe," hawaye na ga yana bin kumatunsa.

Abin da ke ci mini rai shi ne lokaci. Akwai allurar narkar da daskararren jini, amma cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta, bayan an ɗauki hoton kai an tabbatar toshewa ce ba fashewar jijiya ba. Mu mun ɓata fiye da awa goma. Ba na ja da addu'a, amma ai a cikin mota ma ana tofi.

Ina roƙon gidajen rediyonmu da limaman Juma'a, musamman ranar 29 ga Oktoba da ake tunawa da wannan ciwo a duniya, su riƙa faɗa wa jama'a: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, a nemi mota nan take. Masu hawan jini kuma kada su ajiye magani don sun ji sauƙi, kamar yadda Baba ya yi.

Yanzu da gashi da motsa jiki yana takawa da sanda. Shekaranjiya ya kira sunan autarmu, da ƙyar, har sau biyu.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Gusau