Zuwa ga aminina a Fatakwal

Katsina, daren Laraba

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya ruwan garinku da ba ya ɗaukewa? Mu nan hunturu ya shigo da ƙarfinsa, da safe ko hasumiyar Gobarau ba ka hangowa sosai saboda hazo. Tun bikin ƙanwarka ba mu yi wata doguwar magana ba, daga "ya kake" sai "lafiya lau" a WhatsApp, kuma shirun ya fara damuna. Hajiya ce ta ce in tambaye ka wani abu game da filin nan na Barhim, amma wannan sai wani lokaci, yau bari in faɗa maka abin da ya cika mini ciki.

Mun tare! Filat ne a bene, hawa na sama, can bayan Ƙofar Ƙaura. Falon bai fi mita 4 da 4 ba, ƙasan duk tayil. A ƙasanmu akwai wani malamin makaranta da matarsa, ba su daɗe da yin suna ba, ga kuma mahaifiyarsa tsohuwa tana zaune da su. Riƙe wannan, don a kansa maganar ta tsaya.

Amarya so take mu sayi hom tiyata irin na gidan yayarta: 'yan ƙananan lasifika biyar da ake mannawa a bango, da ƙatuwar wufa (akwatin da ke fitar da sauti mai kauri) a ƙasa, wanda ake rubuta wa 5.1. Hujjarta ba ta banza ba ce. Ba sa cin wuri, ba sa ɓata mata tsarin kayan ɗaki, kuma in ana kallon fim sauti yana zuwa ta gaba da ta baya. Ni kuwa zuciyata na kan lasifika biyu matsakaita, irin waɗanda ake ɗorawa a kan kanta, dama da hagu, shi ke nan.

Ga dalilina, kuma kai da ka yi shekaru kana kwance rediyon Baba kana kasa mayarwa ya kamata ka gane. Ƙananan nan, bakin lasifikarsu inci 2 ne zuwa 3. Ba sa iya tura iska da yawa, don haka da sauti ya sauka ƙasa da wajen 120 ko 150 Hz (ma'aunin sauti ne, yadda lambar ke raguwa haka sautin ke ƙara kauri) sai su saki, su bar wa wufa. To muryar babban mutum namiji tushenta yana tsakanin kamar 85 da 180 Hz. Ka ga kenan kaurin muryar malami mai tafsiri, ko mai karanta labarai, rabinsa yana fita daga akwatin da ke ƙasa a lungu, sauran kuma daga bango. In ka kashe wufa, muryar ta zama siririya ba nauyi. In ka kunna, sai maƙwabta.

Nan ne damuwar take. Sauti mai kauri bango ba ya tare shi yadda yake tare siriri. Igiyar sautin 50 Hz tsawonta ya kusa mita 7, ta fi falon namu, kuma wufa a kan daɓe take zaune, girgizarta na bin siminti kai tsaye. Mu a sama muna jin waƙa, su a ƙasa dum-dum kawai za su riƙa ji, kamar ana daka a saman kansu. Mai jego da jariri da tsohuwa! Wallahi ba zan iya haɗa ido da mutumin nan a sahun Asuba ba in na san na hana gidansa barci. Haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne, kuma ni baƙo ne a gidan.

Na kanta kuwa bakinsu inci 4 ne zuwa 6 da rabi, da ɗan ƙaramin baki a sama mai fitar da siraran sautuka. Masu kyau a cikinsu suna sauka har wajen 50 ko 60 Hz da kansu. Kalangu ya fito da jikinsa, kukuma ta fito, murya ta tsaya cak a tsakiya, duk daga wuri ɗaya, kuma ko ka rage sauti da dare ba ka rasa kalma. Ni abin da na fi saurare ka sani: karatu, labarai da safe, tsofaffin waƙoƙin gargajiya, sai ƙwallo. Fim ɗin harbe-harbe naka ne, kai da har yanzu kake rantsuwa jarumin nan da gaske ya tsallake jirgin ƙasa.

Af, kafin in manta, ka ji Dogo ya sake sayar da babur ɗinsa? Wannan karon wai kiwon kaji zai shiga, a cikin wannan sanyin. Kawu ya yi masa faɗa har ya gaji. Shi kuma mai shayinmu na Ƙofar Soro ya ƙara aure, kuma yana nan yana cewa kana da bashin ƙwai biyu tun zamanin makaranta. Ka aiko masa, don Allah, mu huta da jin labarin.

To, ranar Asabar na leƙa babbar kasuwa. Abin da ya ɓata mini rai shi ne kwalayen da aka rubuta wa wat dubu biyar, dubu goma, da manyan baƙaƙe. Wannan lissafin PMPO ne, wato ƙololuwar ƙarfi ta ɗan ƙiftawar ido, na jan hankalin mai saye kawai. Wanda ake dubawa shi ne RMS, wato ƙarfin da lasifika ke iya bayarwa a kai a kai. Edifier R1280T, irin na kanta, misali, wat 42 ne duka biyun, kuma ya isa falo irin namu har ya yi saura. Logitech Z906, irin 5.1 ɗin nan, wat 500 ne, ina zan kai shi a ɗakin nan? Ga kuma wuta. In an ɗauke, kan ɗan inbata da batir ɗaya muke komawa, fanka da fitila da talabijin na jira. Biyun nan masu amfilifaya a cikinsu ba za su shanye batirin ba, kuma waya ɗaya ce tsakaninsu. Biyar ɗin sai an ja wayoyi a kewaye falo, an huda bango, mai gidan kuwa tun ranar biyan haya ya ce kada a buga masa ko ƙusa.

Ban ce na kanta ba su da nasu sharaɗi ba. Yawancinsu suna da rami a baya da iska ke fita, in ka manna su da bango sai kaurin ya yi yawa ya dagule, don haka sai an bar kamar taƙi ɗaya. Ƙaramin bakin ya zo daidai kunnen mai zaune a kujera, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazararka da kowannensu. Tayil yana mayar da amo, shi ya sa na goyi bayan amarya a kan kafet da labule mai kauri, abin da ta daɗe tana nema. Da wannan na fara shawo kanta. Ta ce amma sai masu launin katako, kuma ita za ta ɗinka musu mayafi saboda ƙurar hunturu. Na yarda nan take. In Allah ya sa muka gina namu wata rana, ba kowa a ƙasa, sai a ƙara wufa a kai ta sha fim ɗinta.

Yanzu ga aikinka. Na san kuna da manyan shagunan kayan sauti a can. Ka shiga ɗaya ka sa a kunna maka irin waɗannan, amma da karatu ko labarai daga wayarka, ba kiɗan da su za su zaɓa ba, kuma a rage sautin sosai. Ka faɗa mini farashi da abin da kunnenka ya ji. In ya fi na Kano sauƙi, direban tankar nan ɗan unguwarmu yana tasowa daga wajenku ƙarshen wata.

Ka gaida madam da yara. Ka ce wa babban na ji labarin ya sauke izu goma, Allah ya yi masa albarka, tukwicinsa na nan a hannuna.

Naka har kullum,
Amininka na Katsina