A san ƙarfen kafin a kunna injin walda

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi magana da masu motocin shiga daji da ke son ƙera wa motarsu bamba da kansu, da kuma 'yan'uwana masu walda da ake kawo wa irin wannan aiki. Walda ce sana'ata. Abin da nake yawan gani yanzu shi ne mutum ya zo da hoton bamba a wayarsa, a bayan mota kuma ga tarkacen ƙarfe da ya tsinto, ya ce a haɗa masa irinta. In ka tambaye shi wane irin ƙarfe ne wannan, sai ya ɗaga guntu ɗaya ya miƙo maka ya ce, "Malam, ji nauyi, ai wannan ba wasa." To ƙarfen da ya dace da wanda bai dace ba nauyinsu kusan ɗaya ne, don haka hannu ba zai raba maka su ba.

Ƙarfen da aikin bamba ke so shi ne mai ƙarancin sinadarin kabon, wanda 'yan sana'a ke ce wa mayil sitil. A ma'aunin Amurka ana rubuta masa A36, a na Turai kuma S235 ko S275. Kabon ɗinsa bai wuce kusan 0.25 cikin ɗari ba, shi ya sa yake karɓar walda lafiya lau, kuma in aka buge shi lanƙwasa yake yi ba fashewa ba. Bambar da ta lanƙwasa a jikin dutse ana iya dawo da ita gareji a miƙar. Wadda ta tsage kuwa, guntunta ba ya shawara da kowa kafin ya tashi.

Matsalar tana farawa ne a wurin 'yan gwangwan, inda ido ke faɗawa kan sifirin ɗin tsohuwar babbar mota. Ga kauri, ga faɗi, ga araha, mutum ya ga kamar ya yi tsintuwa. Amma ƙarfen sifirin yana da kabon kusan 0.6 cikin ɗari, kuma an gasa shi an sanyaya shi da sauri a masana'anta don ya riƙa lanƙwasa yana dawowa. Da zarar wutar walda ta taɓa shi ya huce da sauri, gefen ɗinkin sai ya yi tauri fiye da kima. An taɓa kawo mini wata bamba da aka yi mata kunnen ja, wato wurin ɗaura igiya in za a ja motar, da guntun sifirin. Waldar kanta tana nan daram, ƙyas ba ta yi ba, amma dab da ita, ratar da ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba, ƙarfen ya rabu gida biyu. Bakin karayar fari tas yana ƙyalli kamar an fasa kwalba, babu alamar ya ɗan miƙe ko ya lanƙwasa kafin ya saki. Mai motar yana ta zagin wanda ya yi masa waldar, alhali laifin yana wurin wanda ya zaɓi ƙarfen.

Haka rodi na gini, wanda sau da yawa ba wanda zai iya gaya maka abin da aka narka aka yi shi. Haka shasin manyan motoci, wanda masu ƙera shi da kansu suke liƙa gargaɗi a jikinsa cewa kada a yi masa walda ko a huda leɓensa. Har angul ɗin tsohon gadon ƙarfe yakan ba mutum kunya, ka sa masa bakin huda ya ƙone bai shiga ba.

Ba na cewa a ƙaurace wa wurin 'yan gwangwan. Ni ma ina zuwa, kuma ana samun kaya masu kyau. Sai dai a je da giranda da magagari da ma'aunin kauri. Ka ɗora guntun a kan giranda a wuri mai inuwa ka kalli tartsatsin. Mayil sitil yana ba da dogayen layuka masu ruwan ɗorawa, ƙarshensu da 'yan rassa kaɗan. Mai yawan kabon kuwa tartsatsinsa ya fi haske, yana fashewa yana rarrabuwa tun kusa da bakin dutsen. Sannan ka goga magagari a kusurwa: in ya ci ya bar gari, da sauƙi, in ya zame yana ƙara, ajiye musu kayansu. Gwajin da na fi yarda da shi duk cikinsu shi ne a yanko guntaye biyu a yi musu walda, a bar su su huce da kansu, a matse a bais a sa guduma. In ya lanƙwasa har ya kwanta ba tsaga, ka samu ƙarfe. Ma'aunin kauri kuma saboda tsatsa ne, domin farantin da aka ce milimita 6 ne, bayan an kankare shi kana iya tarar da ramuka inda saura 4.

Amma inda na fi tura mutane shi ne wurin masu ƙera tankuna, da bodin tirela, da ƙarafan rufin manyan gine-gine, da masu yankan faranti da na'ura. Su sabon ƙarfe suke saye, sun san sunansa, kuma kullum suna da ragowar yanka a jibge da suke sayarwa a kilo. Mai bamba ɗaya ba ya bukatar cikakken faranti. Faranti mai ƙafa 4 a ƙafa 8, kauri milimita 5, nauyinsa ya kai kilo 117, kuma fiye da rabinsa zai ƙare a jingine a bango yana tsatsa. Dabarar ita ce a fara yanka bambar gaba ɗaya da kwali, a liƙa a gaban motar, a buɗe bonet a rufe, a karya sitiyari dama da hagu a ga taya ba ta taɓawa, a tabbata iska za ta kai ga lagireto. Sai a kwance kwalin a tafi da shi a riƙa ɗorawa a kan ragowar faranti har a samu waɗanda suka yi daidai.

Sai maganar kauri, wadda a nan ne muke yawan sa-in-sa da masu mota. Kowa so yake a yi masa da milimita 10 daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Lissafin ba shi da wuya: murabba'in mita ɗaya na ƙarfe mai kaurin milimita 1 nauyinsa kilo 7.85. Ke nan milimita 5 ya ba ka kusan kilo 39, milimita 10 kuma kilo 78 da rabi, kuma bambar motar daji takan ci murabba'in mita guda ko fiye. Ka ƙara injin ja a kai, wato injin da ke naɗe igiya ya fitar da mota in ta maƙale, duk wannan kaya kuma yana rataye ne a gaban tayoyin gaba, inda kowane kilo ya fi danne mota. Gaba ya sunkuya, fitila ta koma haska ƙasa, birki ya ƙara nisa, a cikin yashi kuma hancin motar ne zai fara nutsewa. Milimita 4 ko 5 ya ishi jikin bamba in an lanƙwasa shi an sa masa haƙarƙari ta ciki, domin ƙarfin faranti a lanƙwasarsa yake. A ajiye kaurin don inda ake bukatarsa: mazaunin injin ja aƙalla milimita 6, hannayen da ke kama shasi 8 zuwa 10, kunnen ja kuma 20 zuwa 25.

Wannan kunnen ja shi ne wurin da ban yarda a sa ƙarfen tsintuwa ba ko da an yi masa duk gwajin duniya. Injin ja mai lamba 9,500 a fam yana jan kusan kilo 4,300, fizgar igiya daga wata mota kuma tana iya wuce haka. Dole kunnen ya ratsa ta cikin bambar ya haɗe kai tsaye da hannun da ke kama shasi, ba a manna shi a fuskar faranti kawai ba. Bol ɗin da za a ɗaure shi ma a duba kansa, a ga 8.8 ko 10.9 a rubuce. Wanda kansa sumul ba lamba, a bar shi don ƙofar gida. Ni a irin waɗannan wurare sandar walda 7018 nake sawa, busasshiya, bayan na kankare baƙin ɓawon da sabon faranti ke zuwa da shi har ƙarfen ya yi fari.

Abu biyu kuma da suka shafi ran mai waldar kansa. Bututun ruwa mai rufin tutiya yana da sauƙin samu, amma hayaƙinsa fari ne mai sa zazzaɓi da ciwon kai da daddare, don haka in ya zama dole a kankare rufin a yi aikin a fili. Tsohuwar tukunyar gas ko durom ɗin mai kuwa, komai kyan ƙarfensu, kada a kai musu wuta. An sha rasa rayuka a kan haka.

Mai mota kuma ya binciki dokar ƙasar da yake kafin ya kashe kuɗinsa. A Ostiraliya, inda karo da kangaru ya sa wannan sana'a ta bunƙasa, kamfanin ARB da aka kafa a 1975 da ire-irensa sai sun gwada bambarsu da tsarin jakar iska ta mota, wadda ke buɗewa ta tare mutum in an yi karo. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2005 da ta ƙayyade irin ƙarfen da za a iya ɗaurawa a gaban mota saboda masu tafiya a ƙafa, Indiya kuma ta umarci a cire irin waɗannan ƙarafa a ƙarshen 2017. Mu a gareji ba mu da wurin gwada karo. Motar da ke da jakar iska, in aka mayar da gabanta ƙarfe tsantsa, ba wanda zai iya rantsewa jakar za ta buɗe a lokacin da ya dace, kuma ya kamata mai walda ya faɗa wa mai mota haka tun kafin ya karɓi aikin.

Roƙona na ƙarshe, Malam Edita, ga masu sayar da ragowar faranti ne, in Allah ya sa suna karanta wannan shafi. Sabon faranti yana zuwa da lambarsa a rubuce a gefe guda, amma da an yanka shi sai guntu ɗaya kawai ya tafi da rubutun, sauran su zama marasa suna. Don Allah kafin a jefa guntu cikin tari, a ɗauki alli ko fenti a rubuta masa lambarsa da kaurinsa.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai walda, mai karanta jaridarku